Amfani da Haske Wajen Jinyar Gyambon Kwanciya ga Tsofaffi

1.0 Gabatarwa

Tsufa yakan zo da rakiyar cututtukan da ke kwantar da mutum. Hawan jini da ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, da karayar ƙashin ƙugu sakamakon santsi a makewayi, da ciwon suga da ya ci ƙarfin jiki, duk suna iya mayar da dattijon da jiya yake zuwa masallaci da ƙafarsa ya koma sai an kwantar, sai an tayar. A cikin irin wannan doguwar kwanciya ne wani ciwo na biyu yake shigowa a ɓoye, wanda sau da yawa jinyarsa takan fi ta ciwon farko wahala, har ma ya zama shi ne ajali. Wannan ciwo shi ne gyambon kwanciya.

A wannan babi za a yi bayani a kan wata hanya da masana kiwon lafiya suka daɗe suna gwadawa domin taimaka wa irin wannan gyambo ya warke, wato haska shi da wani keɓaɓɓen haske. Za a duba asalin dabarar, da yadda ake zaton tana aiki, da abin da bincike ya tabbatar game da ita, sannan a auna ta da halin da iyalai masu jinya suke ciki a Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Ɗalibin Hausa yana da ruwa da tsaki a wannan batu, domin a yawancin ƙauyukanmu malamin makaranta ake kai wa takardar asibiti ya karanta, shi ake tambaya idan an ga tallan wata na'ura a waya. Abin da ya faɗa da Hausa, shi za a yi aiki da shi a cikin gida.

2.0 Sunan ciwon

Hausa ba ta rasa kalmomin ciwon fata ba. Akwai rauni, wanda wani abu daga waje yake jawowa, kamar sara ko faɗuwa. Akwai ƙurji da maruru, masu tasowa daga cikin jiki su yi mugunya su fashe. Sai kuma miki da gyambo, waɗanda ake faɗa wa buɗaɗɗen ciwon da ya daɗe ya ƙi warkewa. Ciwon da muke magana a kai ya fi dacewa da wannan rukuni na ƙarshe.

Sunan da Turawa suka fi sani ya danganta ciwon da gado, shi ya sa wasu masu fassara suke cewa gyambon gado. Wannan fassara ba ta zauna daidai ba a ƙasar Hausa, saboda da yawa daga cikin tsofaffinmu a kan tabarma ko 'yar katifa a ƙasa suke jinya, ciwon kuwa bai bar su ba. Likitoci su kuma sun danganta shi da abin da ke haddasa shi, wato danniya. A shekarar 2016 ma kwamitin ƙwararru na Amurka a kan wannan ciwo ya sauya masa suna zuwa abin da za mu iya kira raunin danniya, bisa hujjar cewa ɓarnar tana farawa tun fata ba ta buɗe ba. A nan an zaɓi gyambon kwanciya ne don shi ne mai jinya zai ji ya gane nan take, amma a riƙe a rai cewa wanda ya daɗe zaune a keken guragu shi ma yana samunsa.

3.0 Yadda gyambon yake samuwa

Fatar mutum da naman da ke ƙarƙashinta suna rayuwa ne da jinin da wasu 'yan jijiyoyi suke kai musu, jijiyoyin da suka fi silin gashi sirantaka. Jinin ne yake kai abinci da iskar oksijin, ya kuma kwashe dattin da ƙwayoyin halitta suka fitar. Idan mutum ya kwanta, nauyin jikinsa yakan taru a wuraren da ƙashi ya turo, sai nama ya shiga tsakanin ƙashi da shimfiɗa, jijiyoyin su matse, jini ya daina wucewa. Mai lafiya ba ya barin hakan ya daɗe. Ko barci yake yi, da zarar wuri ya fara tsami sai ya juya ba tare da ya sani ba. Wanda jikinsa ya shanye kuwa, ko dai ba ya jin tsamin, ko kuma yana ji amma ba shi da ƙarfin juyawa. Sa'o'i kaɗan sun isa naman ya fara mutuwa. Abin takaicin shi ne sau da yawa mutuwar naman daga ciki take farawa, kusa da ƙashi, kamar yadda gara take cin azara: a waje lafiya lau, ciki kuwa ya riga ya zama gari.

Wuraren da aka fi samunsa su ne ƙasan tsatso daidai saman ɗuwawu, da katara, da dunduniya, da idon sawu, da gwiwar hannu, da allon kafaɗa, da ƙeya. Danshi yana ƙara rura wutar. Fitsari da bayan gida da gumi suna jiƙa fata ta yi laushi, balle a ce an shimfiɗa wa majinyaci leda tsagwaronta don kada ya ɓata katifa, a cikin bazarar Zamfara da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Haka nan jan majinyaci a kan tabarma maimakon ɗaga shi yana sa fata ta tsaya wuri ɗaya, ƙashi ya goce, jijiyoyin ciki su tsage.

Likitoci sun kasa ciwon mataki huɗu. A mataki na 1 fata ba ta buɗe ba, launinta ne kawai ya sauya. A na 2 ta saɓule ko ta yi bororo. A na 3 rami ya kai ga kitse. A na 4 kuwa ya kai ga tsoka ko jijiya ko ƙashi. Littattafan da aka rubuta a Turai suna cewa alamar matakin farko ita ce jan da ba ya gushewa ko an danna da yatsa. Wannan bayani bai cika amfanar mu ba, domin ja ba ya fitowa sosai a baƙar fata. Mai jinyar Bahaushe dole ya haɗa ido da hannu: ya duba ko wurin ya fi kewayensa duhu ko ya yi sheƙi, ya taɓa ya ji ko ya fi zafi ko sanyi, ko ya yi tauri, ko ya yi taushi kamar nunanniyar gwanda.

A nan ne kuma al'ada take shigowa. Kunya ado ce a wurin Bahaushe, amma a ɗakin jinya takan yi ɓarna. Ɗa ba ya iya buɗe zanen mahaifiyarsa, suruka tana jin nauyin surukinta, shi kansa tsohon ya gwammace ya yi shiru da a ga tsiraicinsa. Ta haka gyambon yake yin makonni ba wanda ya gani, sai wari ya tona shi, alhali ya riga ya kai mataki na 3 ko na 4. Hausawa dai sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya kamata kowane gida ya ware mutum ɗaya, mace ga mace, namiji ga namiji idan da hali, wanda zai riƙa duba waɗannan wurare kullum a lokacin wanka ko sauya tufafi.

4.0 Haske iri-iri ne

Hasken rana da muke gani fari haɗakar launuka ne, kamar yadda bakan gizo yake nuna mana. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma tsawon igiyar ne yake bambanta launi da launi. Ana auna wannan tsawo da nanomita, wato idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Idon ɗan Adam yana ganin abin da ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700 ne kawai, daga shuni a gefen gajerun igiyoyi zuwa ja a gefen dogaye. Bayan ja akwai wani haske da ido ba ya gani, wanda William Herschel ya gano a 1800 da ya lura ma'aunin zafi yana hawa a inda launukan suka ƙare. Za mu kira shi hasken bayan-ja. A ɗaya gefen ma akwai wani, wanda za mu kira hasken bayan-shuni.

Iri biyu aka fi gwadawa a kan gyambon kwanciya. Na farko shi ne jan haske da na bayan-ja makusancinsa, daga wajen nanomita 600 zuwa 1000, wanda ake fitarwa da na'urar leza marar ƙarfi ko da ƙananan ƙwayayen LED. Wannan ba ya ƙuna, majinyaci ma ba ya jin ɗumin kirki, manufarsa ita ce zaburar da nama ya gyara kansa. Na biyu shi ne hasken bayan-shuni rukunin C, mai tsawon nanomita 200 zuwa 280, wanda aikinsa kashe ƙwayoyin cuta ne. A lura da kyau, wannan rukuni na C ba ya isowa ƙasa daga rana, sararin samaniya yana tace shi, sai da fitila ta musamman ake samunsa.

5.0 Taƙaitaccen tarihi

Wanda ya shigar da haske cikin likitancin zamani shi ne Niels Finsen, likita ɗan ƙasar Danmak, wanda ya buɗe cibiyarsa a Kofanhegan a 1896. Ya yi amfani da tataccen haske mai ƙarfi wajen warkar da tarin fuka na fata, ciwon da ke cinye hanci da kumatu, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1903. A 1956 wata ma'aikaciyar jinya mai suna Jean Ward a asibitin Rochford da ke Ingila ta lura cewa jariran da take fitarwa su sha rana shawararsu tana raguwa. Daga wannan lura aka samo shuɗiyar fitilar nan da ake sa jarirai masu shawara a ƙarƙashinta, wadda iyaye mata da yawa suka sani a manyan asibitocinmu. Nijeriya ma ta ba da nata gudummawar a wannan fage: a wani gwaji da aka yi a Legas da jarirai 447, aka buga sakamakonsa a 2015, an nuna cewa hasken rana da aka tace da wata rumfa ta musamman yana maganin shawara marar tsanani kamar yadda fitilar lantarki take yi.

Batun miki kuwa daga ƙasar Hangari ya taso. An ƙera leza ta farko a 1960, sai a 1967 wani likitan tiyata a Budafes mai suna Endre Mester yana gwada ta a kan ɓeraye a wani bincike da ya shafi ciwon daji. Na'urarsa ba ta da ƙarfin da ya zata. Abin da ya gani shi ne gashin da aka aske wa ɓerayen ya fi saurin tsirowa a inda aka haska, daga baya kuma ya ga raunuka ma suna saurin haɗewa. Ya ci gaba da gwada dabarar a kan mutane masu tsofaffin gyambuna. A shekarun 1990 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi amfani da jajayen ƙwayayen LED don raya tsirrai a cikin kumbo, sannan ta tallafa wa bincike a kan amfaninsu ga raunuka. Wannan ne ya buɗe ƙofar na'urori masu araha, domin LED ba ta kai leza tsada ba, kuma ba ta cin wuta.

6.0 Yadda ake zaton yana aiki

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta akwai wasu 'yan sassa da ake kira mitokondiriya, waɗanda su ne murhun da ake sarrafa abinci ya zama ƙarfi. Bayanin da ya fi karɓuwa, wanda aka fi dangantawa da aikin masaniya Tiina Karu, shi ne akwai wani sinadari a cikin wannan murhu da yake tsotse jan haske, sai aikinsa ya ƙaru, ƙwayar ta sami ƙarin kuzari. A gwaje-gwajen ɗakin bincike da na dabbobi an ga ƙwayoyin da ke saƙa sabon nama suna yawaita, sababbin jijiyoyin jini suna tsirowa, kumburi yana raguwa.

Akwai wata ƙa'ida mai muhimmanci a nan. Haske kamar gishiri yake a miya: kaɗan ba ya ɗanɗano, idan ya yi yawa kuma ya ɓata. Adadin da ya wuce kima yana dakushe warkewa maimakon ya gaggauta ta. Shi ya sa ake lissafa shi kamar yadda ake lissafa ƙwayar magani, a duba tsawon igiyar hasken, da ƙarfin na'urar, da faɗin gyambon, da yawan daƙiƙoƙin da za a haska. A aikace, ma'aikaci yakan buɗe gyambon, ya wanke shi, ya sanya wa kansa da majinyaci tabarau na kariya, ya haska cikin ramin da bakinsa na 'yan mintoci, sannan ya rufe da sabon bandeji. Ana maimaitawa sau da yawa a mako har tsawon makonni.

7.0 Abin da bincike ya nuna

Abin da ya yi aiki a jikin ɓera ba lallai ne ya yi a jikin tsoho mai shekara 80 da ciwon suga ba. Hanyar tantancewa ita ce a raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa duka jinya iri ɗaya, amma a ƙara wa kashi ɗaya haske, ɗaya kashin a bar shi haka ko a haska masa fitilar bogi, sannan a kwatanta. An yi irin wannan gwaji, kuma sakamakon ya sha bamban. A ƙasar Holan an gwada leza mai nanomita 904 a kan majinyata 86 masu gyambo mataki na 3 a gidajen kula da tsofaffi, kwana biyar a mako har mako shida. Rahoton da aka buga a 2003 ya nuna ba a sami wani bambancin kirki ba. A ƙasar Folan kuwa, wani gwaji da aka buga a 2013 a kan majinyata 71 ya kwatanta igiyoyi uku, 658 da 808 da 940, aka ga jan haske mai 658 ya yi fice ƙwarai, sauran biyun kuwa ba su fi fitilar bogi ba.

A 2014 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen magunguna ta auna ingancinsu, ta duba wannan batu. Gwaji bakwai kacal ta samu da suka cancanci dubawa, masu majinyata 403 gaba ɗaya. Hukuncinta shi ne hujjar tana da rauni ƙwarai, domin gwaje-gwajen ƙanana ne, na'urorinsu da adadin haskensu sun bambanta, tsarin wasunsu kuma yana da giɓi. Saboda haka ba a iya cewa hasken yana warkarwa ba, ba a kuma iya cewa ba ya yi ba. A wannan shekarar ce kuma kwamitocin ƙwararru na Amurka da Turai da yankin tekun Fasifik suka fitar da jagoran jinya na haɗin gwiwa, inda ba su ba da shawarar a riƙa amfani da leza ko hasken bayan-ja a matsayin jinyar yau da kullum ba. Sun dai yarda a gwada hasken bayan-shuni na ɗan gajeren lokaci idan sauran hanyoyi sun gaza, ko don rage ƙwayoyin cuta a gyambo mai zurfi bayan an yanke ruɓaɓɓen nama an wanke.

Wani abin lura kuma shi ne galibin waɗannan gwaje-gwaje a ƙasashen masu farar fata aka yi su. Sinadarin da ke sa fatarmu baƙi yana shan haske da yawa ya mayar da shi zafi, ke nan adadin da ya dace da bakin gyambon Bature ba lallai ya dace da na Bazamfare ba. A ganina wannan aiki ne da ke jiran jami'o'inmu da asibitocin koyarwa na Sakkwato da Zariya da Kano, domin majinyatan suna nan, rana tana nan, na'urorin kuma sun yi araha.

8.0 Idan aka sauko da batun gida

Jihar Zamfara, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1996, manyan asibitocinta a Gusau suke, wato Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Tsafe tana kan hanyar Funtuwa, Bunguɗu a kan hanyar Sakkwato, kowace da babban asibitinta, amma ciwo idan ya yi tsanani Gusau ake nufa. Bayan an sallami majinyaci, jinyar tana komawa hannun mata da 'ya'ya a cikin gida. Duk wata dabarar da ba ta yi la'akari da wannan ba, a takarda za ta tsaya.

Mu ɗauki tsarin da aka bi a gwajin Folan, wato kwana biyar a mako har wata guda. Wannan zuwa ashirin ke nan. Ga iyalin da ke wani ƙauyen Tsafe ko na Kwatarkwashi, zuwa ashirin yana nufin shatar mota sau ashirin, da barin gona ko kasuwa, da bin hanyoyin da matsalar 'yan bindiga ta sa mutane suke shakkar bi. Daɗin daɗawa, ita kanta tafiyar illa ce: tsohon da gyambonsa yake a ɗuwawu, idan aka zaunar da shi a kujerar mota ana gargada da shi, an fama masa ciwon fiye da abin da mintoci biyar na haske za su gyara. Idan har dabarar za ta yi amfani a irin wannan wuri, to na'urar ce za ta je wurin majinyaci, ba majinyaci ne zai je wurinta ba. Ƙaramar na'urar LED tana aiki da batir, ana iya cika ta da farantin sola, kuma jihar tana da inda za a koyar da ita, tunda akwai kwalejin horar da ma'aikatan lafiya a Tsafe da ta koyon aikin jinya da ungozoma a Gusau.

Akwai rikitarwa guda uku da ya kamata malami ya iya warware wa jama'a. Ta farko ta shafi kalmar gashi. Bahaushe ya saba da gashi, na ruwan zafi da na tsumma da na garwashi, kuma a sassan gashin ƙashi na asibitocin ƙasar nan an saba ganin wata babbar jar fitila da ake haska wa masu ciwon baya ko gaɓoɓi. Wannan fitila zafi take bayarwa, ba ita ake nufi a wannan babi ba. Haska ta a kan fatar da ba ta ji haɗari ne babba, domin mai shanyewar jiki ko mai ciwon suga zai iya ƙonewa bai ce uffan ba, naman da jini bai ishe shi ba kuma zafi ƙara galabaitar da shi yake yi. Haka hukuncin yake ga mai kara ƙwan lantarki ko kaskon wuta kusa da gyambo.

Ta biyu ita ce shan hantsi. Fitar da tsoho ya sha hantsi al'ada ce mai kyau: jiki yana samun bitamin D, ya ga mutane ransa ya yi sanyi, ɗaga shi da ake yi ma sauke nauyi ne daga inda ya danne. Amma buɗe gyambon a shanya shi a rana wani abu ne dabam. Ƙura za ta shiga, ƙuda zai sauka, naman da ke ƙoƙarin tsirowa ya bushe. Mutane da yawa sun ɗauka sai miki ya sha iska ya bushe yake warkewa, alhali tun 1962 George Winter ya nuna a Ingila cewa raunin da aka rufe ya zauna da ɗan danshi ya fi saurin yin sabuwar fata.

Ta uku ita ce 'yan talla. Ana ganin jajayen fitilu iri-iri a Facebook da WhatsApp, ana cewa suna maganin komai daga sanyin ƙashi har ciwon suga. Launin ja kaɗai ba hujja ba ne. Na'urar da ba a rubuta tsawon igiyarta da ƙarfinta ba, ba ta kuma da rajistar hukumar NAFDAC, ba a san abin da take fitarwa ba. Ko ta gaskiyar ce ma, ba a haska ta a ido, ba a haska ta a kan ciwon daji, alhali tsohon gyambo yakan rikiɗe ya zama daji a wasu lokuta, kuma akwai magungunan da ke sa fata ta kasa jure haske, irin su tetirasaikilin. Fitilar bayan-shuni kuwa tana ƙona fata da ido, ba kayan ajiyewa a gida ba ce.

9.0 Abin da haske ba ya maye gurbinsa

A duk gwaje-gwajen da aka ambata, ƙari aka yi da haske a kan cikakkiyar jinya. Ba a taɓa dogara da shi shi kaɗai ba. Gyambon da danniya ta haifar ba zai warke ba matuƙar ana kwance a kansa.

Juyawa ita ce gaba da komai. Ƙa'idar da aka saba ita ce kowane sa'o'i biyu, dare da rana, musamman a inda babu katifa ta musamman. Wasu iyalai sukan ɗaura juyawar da lokutan salla, wanda dabara ce mai kyau don ba a mantawa, amma ba ta wadatar ba: tsakanin Asuba da Azahar da nisa, tsakanin Lisha da Asuba ma haka. Sai a ƙara da hantsi da walaha, a kuma raba dare tsakanin mutanen gida, a sa ƙararrawar waya. Ba a kwantar da majinyaci cif a kan katara, ana ɗan kishingiɗar da shi ne a tokare bayansa da matashi, a sa wani matashin tsakanin gwiwoyi, wani kuma a ƙarƙashin ƙwauri yadda dunduniya za ta yi reto ba ta taɓa komai ba. Gammo ko zoben roba da ake sa wa a ƙarƙashin ɗuwawu ba shi da kyau, domin yana matse kewayen wurin ya hana jini shiga. Murza wurin da ya fara sauya launi ma ƙara ɓarna ne. Idan an shimfiɗa leda, a ɗora zanen auduga a kanta, a sauya shi da zarar ya jiƙe. Idan za a matsar da majinyaci, mutum biyu su ɗaga shi da zani.

Sai abinci. Nama ba ya tsirowa da koko da shayi kaɗai, waɗanda su aka fi ɗura wa tsoho saboda sauƙin haɗiya. Masana sun ƙiyasta cewa mai wannan gyambo yana bukatar furotin wajen giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Tsoho mai kilo 50 ke nan yana bukatar giram 60 zuwa 75, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kawai. Abin da zai cike giɓin yana nan a kasuwanninmu: wake, da alala, da awara, da kunun gyaɗa, da kindirmo, da kifi, da garin ƙuli-ƙuli a cikin kwaɗon zogale, tare da isasshen ruwan sha. Mai ciwon ƙoda ne kaɗai sai likita ya ƙayyade masa.

Wankin gyambon ana yinsa ne da ruwan gishiri na asibiti, idan babu, da tafasasshen ruwan da ya huce. Toka da garin magani da ake farke kafso a barbaɗa ba su da gurbi a cikinsa. Baƙin naman da ya mutu ma'aikacin lafiya ne yake cire shi, haske kuma ba ya ratsa shi balle ya yi wani aiki. Idan gyambon ya fara wari, ko mugunya ta yawaita, ko kewayensa ya kumbura ya yi zafi, ko majinyaci ya yi zazzaɓi ko ya fara sambatu, to ƙwayoyin cuta sun kama hanyar shiga jini ko ƙashi, asibiti za a nufa a ranar.

Domin a san ko jinyar tana ci, a riƙa auna tsawo da faɗin gyambon sau ɗaya a mako, a rubuta a littafi tare da kwanan wata, ko a ɗauki hotonsa da waya a nuna wa ma'aikacin lafiya, da izinin majinyaci. Jagoran jinya na 2014 ya nuna cewa ana sa ran ganin alamar sauƙi cikin mako biyu. Idan mako biyu suka wuce ramin bai ragu ba, sai a sake duba tsarin gaba ɗaya, tun daga juyawa da abinci har zuwa hasken da ake biyan kuɗinsa.